Ƙudan Gwaggo Zumreta, Fiffike Ɗaya Fari Ɗaya Baƙi

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai shiru. Can kuma, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Wannan ƙara ce ta hana mutanen layin gada na ƙauyenmu Yasenik cin abincin dare cikin natsuwa, a hunturun farko bayan yaƙin Bosniya, yau shekara talatin ke nan. Daga gidan marigayi Hazim take fitowa, inda matarsa Zumreta ke zaune ita kaɗai. Wani ya ce tsuntsun nan ne mai ƙwaƙular itace. Aka ce masa wane irin tsuntsu ne ke aikin dare, kuma da lissafi, uku-uku? Wata tsohuwa ta rantse Hazim ne ya dawo ɗaukar hularsa, tunda ko a duniya bai taɓa zuwa ko'ina babu ita ba. Daga ƙarshe Ragib, yayan Zumreta, mai raba wasiƙun ƙauyen, ya ɗauki gatari da fitila, ya tura ƙofar da ƙafa. Sauran maza suka mara masa baya, daga nesa kaɗan.

Ya tarar da ƙanwarsa zaune a teburin kicin, tabarau a kan hanci, tana buga gindin wani tsohon kwanson harsashi a kan katako. Ta cusa 'yan silin gashin barewa a ciki, tana bugawa don bakin gashin ya daidaita, kada wani sili ya fi wani tsawo.

"Zumreta, lafiyarki kuwa?"

"Rufe ƙofa, Yaya, iska za ta kwashe mini gashi. Gatarin fa? Allah sarki, itacena ka zo faskarawa? Yana nan bayan ɗaki."

Haka Ragib ya faskara itace cikin dusar ƙanƙara, don bai san da wane baki zai fita ya gaya wa mazan waje abin da ya gani ba.

Daga wannan daren aka san Zumreta ta soma ɗaurin ƙuda, wato haɗa ƙudan ƙarya a jikin ƙugiya don kamun kifi. Kamfanin ɗinkin da ta yi shekara goma sha tara tana huda ramin maɓalli a cikinsa ya ƙone a yaƙi. Hazim bai bar mata komai ba sai rufin ɗaki mai yoyo da wani gwangwanin taba cike da ƙudajen ƙarya na kamun kifi, waɗanda wani baƙo ya taɓa ba shi. Ta ɗauki ɗaya, ta warware shi da allura kamar yadda ake warware wuyan riga, ta ga abin da ke cikinsa, ta ce, "Af, wannan ne maza ke yi wa kuka?" Ta mayar da shi yadda yake, har ya fi da kyau.

Tun daga lokacin ranarta ba ta sauya ba. In ta yi sallar asuba ta sha gahawarta, sai ta ja kujera kusa da taga, ta danne ƙugiya a ɗan maƙalin ƙarfe. Wutsiya take fara ɗaurawa, da gashin barewa. Sai gangar jiki, da silin gashin ɗawisu, da ɗamarar jan zare a tsakiya. Sai fukafukai na gashi guda biyu, a tsaye kamar kunnen zomo. A ƙarshe ta naɗe gashin wuyan zakara gaba da bayan fukafukan, don ƙudan ya tsaya a fatar ruwa da kan ƙafafunsa, kada ya nutse. In ta gama sai ta jefa shi a bahon wanki, ta dama ruwan da ludayi iya ƙarfinta. Wanda ya tsira ya shiga akwati. Wanda ya nutse kuwa, reza ce rabonsa, a sake daga farko. Ba ta taɓa yi wa ƙuda afuwa ba, ko da mai shi na tsaye a ƙofa yana roƙo.

Wani abin mamaki shi ne, matar nan ba ta taɓa kama kifi ba. Ba ta cin sa ma, ta ce ido yake zuba mata daga cikin faranti. Kogin Sanitsa kuwa, da ya ratsa ƙauyen, tun tana 'yar shekara shida da ta zame a cikinsa ba ta sake sauka gaɓarsa ba. In za ta haye gada, tsakiya take bi tana kallon takalmanta. Duk abin da ta sani game da pastirmka, kifin nan namu mai jajayen ɗigo, daga bakin masunta ta ji, kuma ta ce rabin maganarsu take ɗauka, ta zubar da rabi, sannan ta sake raba wanda ta ɗauka biyu.

Amma ku tambayi wanda ya taɓa jefa ƙudanta. Malamin makarantarmu ya ga gizo-gizo ya naɗe ɗaya a saƙarsa a tagar Zumreta, ya yi kwana uku yana gadinsa yana jiran ya motsa. Zakarun Yasenik kaf wuyansu a fige yake, kuma da sun hango ta da jakarta sai su bi ta ƙarƙashin shinge. Baƙi na zuwa daga ƙasashe masu nisa da sandunan kamun kifi masu tsadar saniya, su sayi ƙudanta a wani kanti a birni, cikin akwati mai ɗauke da sunan mai kantin, su koma gida ba su taɓa jin sunanta ba. Ni a nawa tunanin, kifayen nan sun san sarai ƙudan na ƙarya ne. Ganin kyan aikin ne ke sa su kasa wucewa, kamar yadda mutum ke tsayawa a tagar shago ko ba zai sayi komai ba. Na gaya wa malamin makaranta wannan, ya ce in riƙa sa hula in ana rana.

Bana hannunta ya soma rawa. Tun farkon bazara ta sanar cewa ta ajiye aiki, ta rufe maƙalin da ƙyalle. Da a nan labarin ya tsaya, ba don Ragib ba.

Ragib na da shekara saba'in da tara, idonsa ya yi hazo. Ba ya ganin ƙudansa a kan ruwa, don haka kullum sai ya ƙara taku ɗaya cikin kogi don ya matso kusa da shi. A watan Mayu ya ƙara takun da ya fi ƙarfinsa. Ruwa ya ɗauke shi kamar gungume, sai can mashayar tumaki aka tsamo shi, sanda na hannu, yana zagin kifin da bai kama ba. Kwana biyu bayan haka 'yarsa Senada, ma'aikaciyar jinya a Giraz ta ƙasar Ostiriya, ta dira a ƙofar gida.

"Baba, haɗa kayanka. Na gyara maka ɗaki."

"A hawa na nawa?"

"Na tara. Akwai lifta."

"Akwai kogi?"

"Akwai baho."

"To ki kai bahon asibiti, shi ne mara lafiya. Ni santsi ne ya kwashe ni."

"Santsi! Baba, jiya ka gaishe da tukunyar fure ka tambaye ta ya yara."

Zumreta na gefe tana yanka burodi. Ta san 'yar na da gaskiya. Ta kuma san yayanta: in aka hau da shi hawa na tara, aka zaunar da shi gaban talabijin mai yaren da ba ya ji, ba zai kai bazara mai zuwa ba. Ta ajiye wuƙa.

"Senada, in ya kama kifi yana tsaye a busasshiyar ƙasa fa, ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba?"

"Gwaggo, mutumin da ba ya ganin ƙofa?"

"Tambayarki na yi."

Senada ta yi tunani, ta ce, "Zan dawo Lahadin ƙarshe ta Satumba. Ya tsaya a gaɓa da silifas ɗinsa na ulu na cikin ɗaki. In ya kama kifi a gabana, na taɓa silifas na ji a bushe, na bar shi. In ba haka ba, ranar Litinin muna mota, kuma ba na son jin kuka."

A ranar Zumreta ta yaye ƙyallen daga kan maƙali. Abin da ake buƙata shi ne ƙudan da mai hazon ido zai hango daga taku goma sha biyar, kuma kifi bai raina shi ba. Gashin barewa ruwan ƙasa ne, Ragib ba ya ganinsa. Fari ake so, fari tas, mai tauri. Ta gwada gemun bunsuru, ya sha ruwa ya nutse, gidan kuma ya yi kwana huɗu ba ya shiguwa. Ta gwada na farin karen mai gidan burodi, ya kwanta laƙwas kamar auduga. Har gashin bakin Ragib ta datsa yana barcin rana, amma hayaƙin taba na shekara sittin ya mai da shi kalar tsohon haƙori. Saura abu ɗaya da duk mai wannan sana'a ya san babu kamarsa: gashin wutsiyar farin maraƙi.

Farar maraƙa ɗaya ce a kwarin nan, ta maƙwabcinta Ostoya. Yana kiwonta ne don gasar shanu ta kaka. Kullum da yamma sai ya wanke mata wutsiya da sabulun wanke kai mai ƙamshin tuffa, ya taje da mataji, yana yi mata waƙa. Zumreta ta same shi a bakin garke.

"Maƙwabci, sannu da aiki. 'Yan sili nake roƙo, abin da bai fi cikin yatsa biyu ba."

"Daga ina?"

Ta nuna wutsiyar da haɓa. Ostoya ya shiga tsakaninta da maraƙar ya buɗe hannuwa.

"Zumreta, ki roƙi madara, ki roƙi cuku, ki roƙi ƙodata ɗaya. Alƙalan gasa daga baya suke fara dubawa. Ke da kika mai da zakarun garin nan abin dariya, yanzu kan shanu kika dawo?"

Ta koma gida hannu wofi. Washegari da hantsi sai ga Radoyka, matar Ostoya, da ƙwallon cuku a naɗe cikin ƙyalle. Ta ajiye a tebur, ta buɗe. A ƙarƙashin cukun akwai tulin farin gashi mai ƙamshin tuffa.

"Radoyka! In ya gane fa?"

"Ya gane mana. Shekara arba'in da huɗu muna tare, 'yar'uwa, ko sau ɗaya bai taɓa saya mini sabulun kai ba. In nawa ya ƙare, ruwa nake ƙarawa a kwalba. Zubo gahawa."

Kada ku ji tsoro don na rubuta wannan. Ostoya ba ya karanta jarida, wuta yake hurawa da ita. Da ya ga wutsiyar, ɓeraye ya zarga. Ya kafa tarko goma sha biyu a garke, ya kama babban yatsansa sau biyu.

Sati guda Zumreta ta yi a kan ƙuda ɗaya, aikin da a da take gamawa kafin gahawa ta huce. Zare na kuɓuce mata, gashi na zubewa, tana danne hannun dama da na hagu. Da ta gama ya tsira a baho, ta ba Ragib. Da la'asar ya tafi gwaji a ƙasan madatsar ruwa ta tsohon injin niƙa, ya dawo magariba fuska a murtuke.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi. Na ga guda ɗari. Duk kumfar da ta wuce sai in ce shi ne, in fizge sanda. Da ya fita daga inuwa kuwa, ko ɗaya ban gani ba."

"Fari ne fa, Yaya, fari fat!"

"A bahonki fari ne. Kogi ba baho ba ne, Zumreta. Ke da ba ki taɓa ganinsa ba sai ta ramin katakon gada."

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Kashegari mutanen Yasenik suka ga abin da ba su taɓa zaton gani ba. Zumreta ta fito da kujerar kicin a hannu ɗaya, ɗaya hannun maƙale da Radoyka, igiyar shanya rataye a wuya, ido rabi a rufe, tana karanta duk addu'ar da ta sani. Suka gangara gaɓa taku-taku. Ta sa Radoyka ta ɗaure ta da kujerar, ta ɗaure kujerar da bishiya, ƙulli uku. Sannan ta buɗe ido, bayan shekara sittin da takwas, ta ce, "To jefa."

Ragib ya jefa. Sai ta ga abin da babu masuncin da ya taɓa iya gaya mata. Da yamma ruwan nan kashi biyu ne. Ƙarƙashin bishiyoyi baƙi ne wuluk, a nan farin fiffike ke haske kamar fitila. Da ya wuce inuwa sai ruwan ya koma kamar farantin azurfa saboda hasken sama, fari ya narke a cikinsa. Tana cikin kallo sai wani ɗan baƙin ƙwaro na gaske ya faɗo a kan hasken, ta gan shi raɗau, kamar tawada a takarda.

"Kwance ni," in ji ta. "Radoyka, ɗan baƙin maraƙin nan na mijinki, shi ma ana wanke masa wutsiya?"

Radoyka ta yi ajiyar zuciya. "Tunda na riga na shiga, bari in ƙarasa."

A wannan karon likitan dabbobi Ostoya ya kira. Likita ya duba wutsiyoyin biyu, ya ga yankan almakashi sarai, ya dubi Radoyka da ke riƙe da farantin cuku, ya ce ƙarancin gishiri ne, maruƙan ke cin wutsiyar juna.

Ba a taɓa ɗaura irin ƙudan nan a kwarinmu ba: fiffike ɗaya fari, ɗaya baƙi. Masunta suka gan shi suka yi dariya, suka ce kamar wanda ya fito da takalma daban-daban. Zumreta ta ce kifi daga ƙasa yake kallo, ba shi da lokacin gulma.

Ranar Lahadin, ƙauye kaf na kan gada. Senada ta tsaya da makullin mota a hannu. Ragib ya tsaya a gaɓa da silifas ɗin ulu, Zumreta na bayansa a ɗaure da bishiyarta.

"Yaya, kada ka nemi kifi, ba za ka gan shi ba. Ɗigon za ka bi. A inuwa fari, a haske baƙi. Kumfa ba ta da baƙin aboki. In ɗigon ya ɓace, kifi ne ya ɗauka, ka ce bismillah, sannan ka ɗaga."

Jifan farko ya kama reshe. Na biyu ya faɗo kusa da silifas ɗinsa, Senada ta kaɗa makulli. Na uku ya tafi ya sauka a hankali can ƙarƙashin bishiyoyi, ya tsaya a kan ƙafafunsa, ruwa ya soma tafiya da shi.

"Ga shi," in ji Ragib. "Fari. Fari. Har yanzu fari. Zai fita inuwa..." Ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta za ta yi gaba, kamar yadda ta saba.

"Ƙafarka, tsohon banza!" in ji Zumreta.

Ya mayar da ita. Ƙudan ya fito cikin haske. "Baƙi!" ya yi ihu. "Wallahi baƙi! Baƙi, baƙi... Babu! Bismillah!"

Ya ɗaga sanda, ta lanƙwasa. Ba sosai ba, gaskiya. Kifin da ya fito bai fi tsawon cokali ba. Amma kifi ne, da jajayen ɗigonsa, yana wutsil-wutsil a iska. Senada ta durƙusa ta dafa silifas na dama, ta dafa na hagu, ta daɗe a durƙushe fiye da yadda dafa silifas ke buƙata. Da ta miƙe sai ta juya wa gada baya tana share fuska.

"Shekara ɗaya, Baba. Ɗaya na ce. Kuma za a yi maka aikin ido a watan gobe."

Ragib ya zare ƙugiyar ya mayar da kifin ruwa, ya ce masa, "Je ka gaya wa babanka ina nan."

Gwaggo Zumreta, ke ce kika yaudari kifayen kwarin nan shekara talatin daga kan kujerar kicin, ba ki taɓa yaudarar mai saye ko ɗaya ba. Ke ce ba ki bar ƙudan da ya nutse a baho ya fita daga gidanki ba, ko da babu wanda zai sani. Ke ce kika sauka gaɓar da kike tsoro tun kina yarinya, da hannu mai rawa da igiyar shanya, don tsoho ɗaya ya ci gaba da kwana a gadonsa yana jin ƙarar koginsa. Sunanki ba ya kan akwatin kanti, to ga shi a nan. Mun gode. Allah ya ba hannun nan hutu, ya ƙara wa idon haske.

Ku kuma matasanmu da ke jiran takardar tafiya Jamus, ta ce ƙofarta a buɗe take duk ranar Alhamis da la'asar. Yanzu mata biyu ne da wani tsohon direba ke zuwa koyo, kuma direban yatsunsa kamar tsiran alade suke. Ku je ku zauna. Ko ba ku koyi ɗaurin ƙuda ba, za ku koyi yadda ake warware aikin da bai yi ba a sake shi, ba tare da an sa ku ba.

A yammacin Lahadin aka gasa rago a tsakar gidan Ragib, aka yi sallama da aikinta. Ƙudan na maƙale a hular Ragib, kowa na zuwa kallo. Ostoya ma ya zo, da yatsa a naɗe. Ya cire ƙudan a hankali, ya ɗaga shi a haske, ya shafa farin fiffiken, ya shafa baƙin. Sannan ya kai shi hanci ya shinshina. Likitan dabbobi ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Radoyka ta ci gaba da zuba gahawa a kofin da ya riga ya cika. Zumreta ta cire tabarau tana gogewa.

"Kai, gashi ya yi," in ji Ostoya. "Ni na san gashi. Irin wannan ba a samunsa sai a dabbar da ake wanke wa wutsiya kullum, ana tajewa. To jama'a, ban da ni, wa ke da wannan haƙurin a kwarin nan?"